Tarihin Ritaya da Tanadin Tsufa a Kudancin Kaduna

Ritaya, wato mutum ya ajiye aiki don shekarunsa sun kai adadin da doka ta yanke, ya koma yana karɓar wani abu duk wata har ƙarshen ransa, baƙuwar al'ada ce a arewacin Nijeriya. Tare da albashi ta shigo, albashi kuwa ya biyo jirgin ƙasa da barikin soja da ofisoshin Turawan mulki. A Kaduna, wadda ta zama hedikwatar Arewa a 1917 bayan an taso daga Zungeru, waɗannan abubuwa suka fi taruwa, kuma a hayin kogi ta kudu aka kafa mahaɗar layin dogo, daga baya masaƙu da matatar mai suka biyo. Mahuta, unguwar da ke cikin ƙaramar hukumar Chikun daura da matatar, tana cikin wuraren da ma'aikata suka sayi filaye suka gina gidajen da za su tsufa a ciki. Tarihin wannan yanki yana nuna yadda dogaron tsoho ya tashi daga kan iyali ya koma kan gwamnati da kamfani, sannan ya koma kan asusun mutum shi kaɗai, da kuma dalilin da ya sa har yau jama'a ba su saki na farkon ba.

Tsufa kafin zuwan albashi

A ƙasar Hausa ta dā babu ranar da ake ce wa mutum ya daina aiki. Ƙarfi ne ke ja baya a hankali, aiki ya bi shi. Ginshiƙin wannan tsari shi ne gandu: uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya. Uba ne ke biyan haraji, shi ke yi wa ɗa auren fari, ya kuma yanka masa gayauna da zai noma don aljihunsa. In tsufa ya kama maigida, fartanya ta koma hannun 'ya'ya, amma gona da rumbu da yanke magana suna nan a hannunsa. M. G. Smith ya bayyana wannan tsari a ƙasar Zazzau a binciken da ya yi wajen 1950, Polly Hill kuma ta bi diddiginsa a Batagarawa kusa da Katsina, a littafin da ta fitar a 1972. Gbagyi, waɗanda su ne mazauna ƙasar da Mahuta take tun kafin a kafa birnin Kaduna, su ma manoma ne da tsofaffinsu ke zaune cikin iyali, kusa da gonakin gado.

Sauran sana'o'i ma haka suke. Maƙeri in ya tsufa ya bar wa 'ya'ya guduma da zuga-zugi, ya zauna a bakin maƙera yana duba aiki. Falke in ƙafa ta gaji ya tura yaransa da ayari, shi ya koma saukar da baƙi da dillanci. Malami yana da almajiran da za su noma masa gona. Tsohuwa takan koma gidan ɗanta, ta riƙe jika, ta yi kaɗi ko daddawa ko ungozomanci. Sarauta kuwa sai mutuwa ko tuɓewa, ba kasafai ake murabus ba. Musulunci da Kiristanci, addinan da suka fi rinjaye a yankin yau, duka sun wajabta kula da iyaye, saboda haka barin tsoho cikin wulaƙanci zunubi ne kuma abin gori ne ga zuriya.

Wannan tsari yana da gurbin da bai cike ba. Wanda bai haihu ba, ko 'ya'yansa suka riga shi, ko ba shi da gona, sai zakka da sadaka da tausayin maƙwabta. In fari ya faɗa, kamar yunwar 1913 zuwa 1914, iyali da tsohonsu tare suke shiga uku, domin rumbu ɗaya ne.

Zuwan fansho

Farkon waɗanda aka ga suna ritaya su ne Turawan mulki da kansu, waɗanda ke gama wa'adinsu su koma Ingila suna cin fansho daga baitulmalin Nijeriya. 'Yan ƙasa kaɗan ne suka shiga wannan sahu, galibi akawuna da manyan ma'aikatan reluwe da gidan waya. Lebura ɗan aikin kullum ba shi da komai ranar da aka sallame shi. Layin dogon da ya taso daga Ikko ya ratsa Kaduna zuwa Kano, na gabas kuma daga Fatakwal ya haɗe da shi a kudancin kogi ta hanyar Kafanchan, sai wurin ya cika da ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasar. Yawancinsu ba su ɗauki Kaduna gida ba. Wurin nema ne, in an gama a koma garin haihuwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amura suka canja. Sojojin da suka yi yaƙi a ƙasar Burma suka dawo suna neman haƙƙinsu, ma'aikata kuma suka yi gagarumin yajin aiki a 1945 saboda tsadar rayuwa, 'yan reluwe na kan gaba. A cikin wannan yanayi aka yi dokar fansho ta 1951, wadda aka mayar da fara aikinta zuwa 1 ga Janairu 1946. A ƙarƙashinta fansho alheri ne da Gwamna ke da ikon bayarwa ko hanawa, musamman in an sami ma'aikaci da laifi. Duk da haka ta dasa wani sabon tunani a zukatan mutane: akwai aikin da in ka riƙe shi da gaskiya zai ciyar da kai bayan ƙarfinka ya ƙare. Daga nan aikin gwamnati ya sami martabar da har iyaye ke duba ta wajen ba da aure.

Zamanin masaƙu da matata

Kudancin Kaduna ya zama cibiyar masana'antun Arewa daga 1957, shekarar da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. A cikin shekarun 1960 Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo baya, aka kuma kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON a 1964. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara fitar da mota a 1975. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, aka kuma faɗaɗa ta daga baya har ta kai ganga 110,000 a rana. Dubban matasa daga kudancin jihar, da Binuwai da Filato da ƙasar Hausa da kudancin Nijeriya, suka kwararo neman aiki.

Ba tsari ɗaya ya haɗa waɗannan ma'aikata ba. Na kamfanoni masu zaman kansu an kafa musu asusun tanadi na ƙasa, NPF, a 1961: a yanki wani abu daga albashi, mai kamfani ya ƙara nasa, ranar barin aiki a ba mutum a dunƙule. Kuɗin kaɗan ne ƙwarai, an kuma yi masa iyakar da ta daɗe ba ta motsa ba, har hauhawar farashi ta cinye amfaninsa. Abin da ma'aikacin masaƙa ya fi sa rai a kai shi ne garatuti, kuɗin sallama da ƙungiyar ƙwadago ke cimma yarjejeniya a kansa da masu kamfani. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978 da hedikwata a Kaduna, ta yi suna wajen irin wannan ciniki, kuma a cikinta Adams Oshiomhole, tsohon ma'aikacin Arewa Textiles, ya taso.

Ma'aikatan gwamnati kuwa sun sami doka mai lamba 102 ta 1979, wadda aka mayar da aikinta zuwa Afrilun 1974, sojoji kuma mai lamba 103. Ba a yankar ko sisi daga albashinsu, daga kasafin kuɗin shekara ake biya. Bayan gyaran 1992, wanda ya yi shekara 5 ya cancanci garatuti, wanda ya yi 10 ya cancanci fansho, wanda kuma ya cika 35 zai sami kashi 80 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe duk wata, da garatutin da ya kai albashin shekara uku. Ƙa'idar barin aiki ita ce cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ma'aikatan kamfanin mai na ƙasa, NNPC, suna da nasu asusun na daban, kuma ana ganinsu a matsayin 'yan gata. Ta haka unguwa ɗaya ta ƙunshi tsofaffi iri uku: mai fansho mai kauri, mai jiran garatuti, da mai sana'ar hannu ko kasuwa wanda babu takardar da ta san da shi.

Yadda amana ta karye

Alama ta farko ta bayyana a 1975, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata sama da 10,000 cikin 'yan watanni, wasu ba tare da haƙƙinsu ba. Aka sake yin wata korar a 1984. Ma'aikaci ya gane cewa kujerarsa ba gadon gidansu ba ce. Daga 1986 shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, amma kafin 1999 dala ɗaya ta haura naira 80 a kasuwa. Wanda ya yi ritaya da fanshon da ke riƙe gida ya wayi gari ba ya saya masa buhun masara. Tsarin mulkin 1999 ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi, amma sau da yawa ba a bi wannan tanadi ba.

Biyan ma ya zama wahala. 'Yan fanshon reluwe da tsofaffin sojoji da malaman firamare sun yi watanni, wani lokaci shekaru, ba su ga kuɗinsu ba. Tantancewa ta zama azaba: tsoho ya taso daga nesa da fayil ɗinsa, ya wuni a layi don ya nuna yana raye, alhali sunayen bogi cike da takardun biya. Kafin 2004 an ƙiyasta bashin fanshon da ke kan gwamnati ya kai kimanin naira tiriliyan 2. Satar kuɗin ma ba ta tsaya ba. A 2021 kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa aikin gyara harkar fanshon tarayya, shekara 8 saboda halatta kuɗin haram.

A Kakuri abin ya fi muni. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsufan injuna da kwararowar atamfa ta ɓarauniyar hanya suka durƙusar da masaƙu. Kaduna Textiles, mallakar jihohin Arewa 19, ta rufe a 2002 ba tare da ta biya ma'aikatanta kuɗin sallama ba. Nortex da Finetex da Arewa Textiles suka bi sahu, United Nigerian Textiles ma ta rufe a 2007 kafin a sake buɗe wani sashenta. Tsofaffin ma'aikatan suka kafa gamayya suna zanga-zanga shekara da shekaru, da yawa suka rasu suna jira. Wasu suka koma acaba da gadi da noman bakin kogi, matansu suka ɗauki nauyin gida da ƙananan sana'o'i.

Durƙushewar masaƙun ta zo daidai da rikicin addini na 2000 da na 2002, waɗanda suka raba mazaunin birnin, Kiristoci suka fi karkata kudu, Musulmi suka fi karkata arewa, ban da wasu sassan Kakuri da Nasarawa. Sabon Tasha da Unguwan Boro da Kamazou da Romi da Gonin Gora da Mahuta suka bunƙasa cikin sauri. Wanda ya sami garatuti ko ya sayar da gidansa na wata unguwa ya zo ya sayi fuloti, ya gina nasa ɗakin, ya ƙara 'yan ɗakunan haya ko shaguna a gaba. 'Ya'yan ma'aikatan da suka zo da niyyar komawa ƙauye sun tashi ba su san wani gari ba sai Kaduna, don haka iyayen ma suka zauna.

Asusun mutum shi kaɗai

A Yunin 2004 gwamnatin Obasanjo ta kawo sabuwar dokar fansho, wadda aka kwaikwayo daga tsarin da ƙasar Chile ta fara a 1981. Kowane ma'aikaci ya buɗe asusun ritaya da sunansa, a zuba kashi 7.5 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 7.5, kamfanonin kula da fansho su juya kuɗin, hukumar PenCom ta sa ido. Dokar 2014 ta ɗaga kason zuwa 8 da 10, ta kuma bar 'yan tsohon tsari na tarayya a hannun hukumar PTAD. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2016, ta shiga tsarin gadan-gadan daga Janairun 2017.

Sabon tsari ya magance wata cuta: kuɗin yana nan a ajiye, ba ya jiran kasafi, kuma dukiyar da aka tara ta haura naira tiriliyan 20 a 2024. Amma ya ɗora haɗarin a kan ma'aikaci. Abin da ka tara shi za ka ci, in albashinka ƙarami ne fanshonka ƙarami ne, in naira ta faɗi asararka ce. Sojoji sun fice daga tsarin tun 2011, tsofaffin 'yan sanda kuma sun sha fitowa zanga-zanga suna neman a fitar da su. Waɗanda suka fara aiki kafin 2004 sukan jira gwamnati ta zuba musu haƙƙinsu na shekarun baya kafin su taɓa asusun. Cire tallafin mai da sakin naira a 2023 suka kai hauhawar farashi sama da kashi 30 cikin ɗari a 2024. Mafi girman giɓi kuwa shi ne yawan waɗanda ke waje: a 2024 masu asusu sun ɗan haura miliyan 10, alhali sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya ba albashin ofis suke ci ba.

Yadda sauran ƙasashe ke kallon al'amarin

Bambancin da ke tsakanin ƙasashe a kan ritaya ya fi alaƙa da tarihin wanda ya ɗauki alkawari da yadda ya cika shi. Jamus ce ta fara fanshon ma'aikata na ƙasa a 1889 zamanin Bismarck, ga wanda ya kai shekara 70. Birtaniya ta bi a 1908 da sule biyar a mako. Da yake an daɗe ana biya ba fashi, Bature ya ɗauki ritaya haƙƙi ne da lokacin hutu da ya yi wa aiki. Shi ya sa da gwamnatin Faransa ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023, mutane suka cika tituna watanni. A Nijeriya akasin haka ake gani: ƙungiyoyin ma'aikata ne ke roƙon a ƙara musu shekaru, kuma da aka mayar da na malaman makaranta 65 a 2022 murna aka yi, domin barin aiki a nan yana nufin raguwar abinci.

Amurka ta kafa fanshon gwamnati a 1935, amma daga ƙarshen shekarun 1970 nauyi ya yi ta komawa kan asusun da mutum ke tarawa ta wurin aikinsa, don haka damuwar Ba'amurke ita ce ko abin da ya tara zai kai shi ƙarshe, musamman da tsadar asibiti. A Japan kusan kashi 29 cikin ɗari na jama'a sun kai shekara 65, matasa sun yi ƙaranci, tsofaffi da yawa suna ci gaba da aiki, dokar 2021 ma ta nemi kamfanoni su yi ƙoƙarin ba mutane damar aiki har 70. Singafo ta haɗa hanya biyu: asusun tanadin dole tun 1955, wanda ake iya sayen gida da shi, da dokar 1995 da ta ba iyaye ikon kai ƙarar 'ya'yan da suka ƙi ciyar da su.

A Afirka ma hanyoyi sun rabu. Afirka ta Kudu tana biyan tsofaffi marasa ƙarfi kuɗin wata daga shekara 60, ko sun taɓa aikin albashi ko ba su taɓa ba. Botswana ta fara biyan dukan tsofaffinta a 1996, Lesotho kuma a 2004 ga masu shekara 70, duk da ƙarancin arzikinta. A Jamhuriyar Nijar, asusun CNSS na ma'aikatan kamfanoni da na gwamnati tsiraru kawai suka shafa, manomin Maraɗi kuwa har yau gona da dabba da 'ya'ya ne jarinsa, kamar ɗan uwansa na Katsina. Ɗan fanshon Nijar ya sha tasa girgizar a Janairun 1994 da aka rage darajar sefa da rabi, sai dai ɗaure kuɗin da yuro ya sa farashi bai cika gudu irin na naira ba. Nijeriya, wadda masu shekara 65 ba su wuce kimanin kashi 3 cikin ɗari na jama'arta ba, ba ta da fanshon tsofaffi na bai-ɗaya. Jihar Ekiti ta gwada biyan naira 5,000 a wata daga 2011.

Abin da ake kira shiri a yau

In ana maganar wanda ya shirya wa ritaya a Mahuta da maƙwabtanta, ba a fara da tambayar abin da ke asusunsa. Ana duba ko ya fita daga gidan haya, ko yara sun gama makaranta sun kama abin yi, ko yana da gona ko kiwon kaji ko shago ko ɗakunan da ke kawo kuɗin wata. Adashi da ƙungiyoyin gama kai na wurin aiki, da na coci da masallaci da na 'yan gari ɗaya, su ne bankin da aka fi yarda da shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, in ji masu iya magana, kuma wanda ya ga abin da ya sami ma'aikatan masaƙa ba ya bukatar a yi masa fashin baƙi. Sai dai wannan dogaro ma yana rauni, domin rashin aikin yi ya sa gidaje da dama ɗan fansho ne ke ciyar da 'ya'ya da jikoki, rashin tsaro a ƙauyukan Chikun kuma ya raba mutane da gonakinsu.

Hukumomi sun fara matsowa kusa da yadda jama'a ke tunani. A 2019 aka buɗe ƙaramin tsarin fansho don masu sana'ar kansu, inda mutum zai zuba abin da ya samu ya kuma iya cire wani kaso kafin tsufa. A 2021 aka samar da asusun da babu kuɗin ruwa a cikinsa don masu gudun riba, a 2022 kuma aka yarda mai asusu ya yi amfani da kashi 25 na ajiyarsa wajen biyan kason farko na bashin sayen gida. Karɓuwar waɗannan matakai ta rataya ne a kan abubuwa uku: a biya tsofaffin basussuka, ciki har da na ma'aikatan masaƙun Kakuri da magadansu, a kare ajiyar ma'aikaci daga faɗuwar naira, a kuma samar da wani tallafi ga tsohon da bai taɓa karɓar albashi ba, wanda shi ne mafi yawa a cikin tsofaffin ƙasar.